Durƙuson Kafinta

"Daina motsi, kada in yanke ka," in ji mai aski, yana riƙe da haɓar maƙwabcinsa kafinta.

"Yanke mana. Cikin ciwukan nan wa zai lura da naka?"

Mai aski ya yi dariya, amma tausayi ya cika shi. Tun da ciwon ƙashi ya kwantar da kafinta, yakan bar shago da hantsi ya zo ya gyara masa gemu a kan gado. Mutumin da ya ƙera bencinan cocinsu kaf, yau cokali ma gagararsa yake.

Kafinta ya kasa kunne, ya ji 'yarsa tana wanki a tsakar gida, sai ya rage murya.

"Maƙwabci, sauko da ni. So nake in durƙusa."

Ai kuwa mai aski ya janye reza. Kowa ya san kafinta bai taɓa yin addu'a a zaune ba, taurin kansa a nan ya fi na katakonsa. Amma likita ya ce ƙasusuwan sun lalace, motsi kaɗan zai iya karya su, 'yar kuma ta kafa doka kada a sauko da shi daga gado.

"Yi a kwance mana. Allah ba ya jin na kwance ne?"

"Yana ji. Amma Yesu, da wahala ta tunkaro shi, durƙusawa ya yi. Na bi shi lokacin daɗi, na ci na sha. Yanzu da hanyar ta shiga ƙaya sai in zame?"

"Mu fa roƙo muke a ɗauke maka ciwon."

"Ku ci gaba, ban ƙi ba. Shi ma ya roƙa. Da ya gama, ya tashi ya tafi inda aka aike shi."

Sai ga 'yar a bakin ƙofa, kumfa har gwiwar hannu.

"Kawu, me kuke ƙullawa kai da Baba?"

Mai aski, wanda bakinsa ba ya hutawa a shago, ya shiga goge reza kamar bai ji ba. Kafinta ne ya faɗa mata.

"In ka karye fa, Baba?"

"To, na karye a gabansa, 'yata."

Ta juya ta fita. Mai aski ya tabbata likita za ta kira. Sai ta dawo, ta share hannuwanta, rungume da matashin kanta, ta ajiye a ƙasa.

"Kawu, kama ta can. A hankali."

Kafinta ba shi da nauyi ko kaɗan. Da gwiwoyinsa suka taɓa matashin ya yi nishi, gumi ya keto masa, ya kifa goshi a gefen gado. Godiya ya yi ta jerawa: don 'yarsa, don hannuwan da suka yi aiki, har don maƙwabci mai surutu. Mai aski ya riƙe shi ta hammata yana kuka, bai ji kunya ba.

Kafinta bai kai ƙarshen mako ba.

Bayan jana'iza mai aski ya leƙa ɗakin. An naɗe katifa, an buɗe taga, an share ko'ina tas. Matashin yana nan a ƙasa, tsintsiya ta kewaye shi ta wuce, gurbin gwiwoyi biyu bai tashi ba tukuna.