Kunnen Hular Marjuki

Shekara goma sha tara Marjuki yana walda a filayen ƙera jiragen ruwa na Tanjung Uncang, a wani tsibiri nesa da ƙauyensu, kuma duk tsawon lokacin nan kwantiragin wata shida-shida yake sa wa hannu. Da ruwan bana ya sauka, kamfanin da yake wa aiki ya liƙa takarda a bakin ƙofa: ana neman mai waldar argon, wato waldar da ake yi da iskar gas, mutum ɗaya, aikin dindindin, kada shekarunsa su kai arba'in da takwas. Saura wata biyu Marjuki ya cika su. Mutum bakwai suka ba da suna, amma kowa a filin ya san tsakanin mutum biyu za a yi ta: shi da Kasdi, ƙanen matarsa.

Shi ya ɗauko Kasdi daga ƙauyensu na Cilacap shekara goma da suka wuce, lokacin ko riƙon sandar walda bai iya ba. Shi ya koya masa komai. Har yau a babur ɗaya suke zuwa aiki, Marjuki na tuƙi, Kasdi a baya rungume da jakar da ke ɗauke da hulunan waldarsu.

Hular Marjuki irin mai yin duhu da kanta ce. Gilashinta garau yake har sai wuta ta tashi, sannan ya rufe kafin ƙiftawar ido. A ciki akwai maɓallai uku na murɗawa: na zurfin duhu, na jinkirin washewa, sai na uku da Marjuki ke kira kunne, wanda ke sa hular ta ji ƙaramar wuta ko ta yi mata kurumta. Waldar sanda wutarta babba ce, ko kurman kunne yana jin ta. Ta argon kuwa, musamman layin farko a cikin bututu, siririya ce kamar zare, sai an murɗa kunnen kusan ƙarshe. Marjuki ya daɗe da gano inda ya fi masa daidai, ya ɗiga jan farcen matarsa Sumirah a kan murfin maɓallin, ya ɗiga wani a jikin hular. In ɗigo ya kalli ɗigo, shi ke nan.

Ranar Lahadi da yamma ya zauna a barandar gida ya canza batir, ya sa sabon gilashin gaba, ya goge idanu huɗun da ke kama haske da auduga. Kasdi na gefe yana cin soyayyar ayaba; Mas Juki yake ce masa, wato Yaya Marjuki.

"Mas Juki, irin wannan shafa ko Yaya Sumirah ba ta samu."

"Ita ba ta taɓa kare min ido ba. Kai kuma je ka wanke taka, warin gumi har nan."

Ranar Litinin aka yi gwajin. Kafin a shiga, Marjuki ya yi abin da ya saba kowace safiya: ya leƙa cikin hular, ɗigo na kallon ɗigo, ya buga sandar walda a kan guntun ƙarfe, gilashi ya rufe nan take. Ya ɗaga kai ya gyaɗa wa Kasdi.

Pak Sinaga, wato Malam Sinaga, mai duba aiki, ya raba su rumfa-rumfa. Bututu biyu a haɗe, a gicciye, ba a juyawa, ba a ba mutum dama ta biyu.

"Tsoho, in hannu ya fara rawa ka faɗa, mu kawo maka kujera," in ji shi.

"Ka ajiye wa tumbinka, Pak."

Marjuki ya durƙusa, ya fara daga ƙasan bututun. Wuta ta kama, gilashi ya rufe. Ya tafi kamar tsawon ɗan yatsa, ƙarfen na narkewa yana bin sa yadda yake so. Sai gilashin ya washe. Farin haske ya cika masa ido, ya rufe, ya sake washewa. Hannunsa bai yi rawa ba, amma ya daina ganin inda yake, bakin allurar da wutar argon ke fita daga gare ta ya nutse cikin narkakken ƙarfe. Ya ji ɗan ƙaran da duk mai argon ya sani. Ya tsaya, ya leƙa cikin hular da ido mai ganin kore-kore. Ɗigo na kallon ɗigo. Ya fere allura ya ci gaba, hular ta sake yi masa sau uku kafin ya kai sama.

Ranar Laraba hoton da na'ura ta ɗauka na cikin bututun ya fito. Na Marjuki akwai ɓurɓushin allura a wuri biyu. Na Kasdi tas, aikin ya zama nasa. Pak Sinaga bai yi wa Marjuki ba'a ba. Ya miƙa masa hoton ya ce, "Wannan ba hannunka ba ne da na sani," ya wuce.

A filin an yanke hukunci tun kafin azahar: ido ne, shekaru ne. Wasu suka ce kayan lantarki haka suke, gara tsohuwar hula mai baƙin gilashi. Marjuki bai musa wa kowa ba. Lokacin hutun rana ya zauna a inuwar wani jirgin dakon kwal, ya buɗe hular a cinyarsa. Batir sabo ne. Idanu huɗu a goge. Ya kama kunnen ya murɗa sama. Daga ɗigon, kamata ya yi ya motsa kaɗan ya tsaya. Sai ya tafi, ya tafi, har ya wuce rabin zagaye.

Ya sa farce ya zare murfin maɓallin. An murɗa ɗan ƙarfen cikin maɓallin ƙasa, sannan an mayar da murfin yadda ɗigo zai kalli ɗigo. Girgizar babur tana iya gusar da maɓalli. Ba ta iya zare murfi ta mayar. Kuma mutum ɗaya tak ya taɓa nuna wa cewa murfin yana zaruwa, ranar da yake koya masa fitar da ƙurar ƙarfe daga ƙarƙashinsa. Mutumin nan ne dai ya san gwajin safiya da sanda ake yi.

Ya sami Kasdi a rumfar abinci, abokai sun kewaye shi, ya saya wa kowa shayi mai ƙanƙara.

"Mas, zo zauna! Bu, ƙaro shinkafa da kifi, na yayana ne," in ji Kasdi, yana kiran matar da ke sayar da abincin.

Marjuki ya zauna. Ya jira har sauran suka koma aiki. Sannan ya ajiye murfin a kan tebur, kusa da farantin Kasdi, jan ɗigon yana sama.

Kasdi ya dube shi. Ya ci gaba da tauna.

"A kan babur ka yi, ko a baranda?" in ji Marjuki.

"Mas..."

"Tambaya ce kawai, Dik, ƙanena. Ina so in san ko da hannu ɗaya ka yi. In haka ne ka iya aiki."

"Ba abin da zai sami idonka. Kai ka ce min gilashin yana tare mugun haske ko bai rufe ba."

"Na ce. Ka riƙe karatu."

"Ko ka samu, shekara nawa za ka yi kafin ritaya? Bakwai? Ni ina da ashirin a gaba, ga yara uku. Kuma duk gida ɗaya ne, Mas. In na samu, ai mun samu."

Marjuki ya duba ofishin Pak Sinaga, taku hamsin daga rumfar. Murfi a hannu ba hujja ba ne. Ko ya zama hujja, korar Kasdi za a yi, sunansa ya bi duk filayen tsibirin, kuma Sumirah ce za ta kai wa uwarsu labari. Gwaji kuwa ba za a sake ba sai baɗi, lokacin shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Ya ɗauki murfin, ya tashi. Shinkafar ta iso yana fita.

Da yamma ya daidaita kunnen, ya goge tsohon ɗigo da fetur, bai sa sabo ba. Yanzu da hannu yake ji: ya kai ƙarshe, ya dawo kaɗan.

Washegari da safe Sumirah ta fito da ƙunshin abincinsa, ta same shi yana ɗaure hular a kujerar bayan babur da robar taya, yana ja yana ƙara ja.

"To Kasdi fa, a ina zai zauna?"

"Babu wuri," ya ce.

Ya ta da babur. Ranar ce ake sa hannu a kwantiragin wata shida, kuma layin yana tsawo in mutum ya makara.