Zagayen Baba Sada

Babur ɗin ya gifta ta gaban gwiwarsa har iskarsa ta ɗaga masa gefen riga, amma Baba Sada ko ƙifta ido bai yi ba. Yana zaune bisa turmi a kife a tsakiyar masussuka, sanda tsakanin ƙafafu, gemu ya kalli sama. Na biyu ya biyo da tayar gaba a ɗage. Bayansu babur mai ƙafa huɗu na Dalhatu, ɗan wani attajiri daga Kankiya, ya zo yana watsa tsakuwa.

"Iyakar ku ke nan?" in ji tsohon, yana tofar da ƙasa. "Ku matso mana, ɗiyan jiya!"

Ai Sada ba mutumin da ƙarfe zai firgita ba ne. Kububuwa ta sare shi a gonar Kunduru, ita ta mutu shi ya tashi. Motar gyaɗa ta kife da shi a hanyar Dudunni, ya fito yana kaɗe hula. Shekarar yunwa rabin gari ya watse, shi ko zaure bai bari ba. Bai taɓa riƙe alƙalami ba, to sai me? Masu alƙalamin duk ya raka su makabarta.

Masussukar nan ita ce zuciyar ƙauyen. Nan mata ke sheƙe gero, nan ake shanya wake, ta nan ake bi zuwa rijiya. Da samari suka gane ƙasarta daɓe ce mai santsi, sai suka riƙa zuwa da la'asar da baburansu masu tayoyi kamar haƙoran kada, an cire salansa mai rage ƙara. Ranar farko mata suka zubar da faifai suka faɗa cikin dawa da goyo, sun ɗauka ɓarayin daji ne suka shigo.

Mai unguwa Bube ya tara mutane, ya ce a kafa turaku a bakin fili, a kuma kai maganar gaban hukuma a Kusada. Sada ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ƙara saboda 'yan yaran nan? Ina raye? Ku bar ni da su. Zan zauna a tsakiya, in ga mai wucewa."

Suka wuce kuwa. Suka zagaya shi. Kafin sati ya fita wasan ya samu suna, zagayen Baba: wanda ya fi kusantar gwiwarsa bai taɓa shi ba, shi ne gwani.

* * *

"Baba, dubi nan," in ji Dalhatu, ya durƙusa yana miƙa masa waya. "Har Kano an san ka. Cewa suke tsohon nan ba jini ke jikinsa ba."

Sada ya ga kansa ƙanƙane cikin gilashi, babura na shawagi, shi kamar dutse. Wani abu mai daɗi ya sauka masa a ƙirji.

"Sake kunnawa," ya ce.

"Gobe ka sha fura muna zagaye, Baba. Wannan sai ta fi kowace."

Da Bube ya turo a kafa turakun, Sada ya kore masu ginar. Wai ina amfanin icce alhali ga shi a wurin?

A gida, matarsa Adda na lalube bakin randa. Ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa kawai yake gani.

"Malam, korar su ka tafi yi ko gadi ka kama musu? Waken Shamsiyya ɗiyar maƙwabta sun murƙushe shi, kana kallo. Rijiya sai mun zagaya ta bayan gari."

"Ke mi kika sani? Gaishe ni suke. Gobe ki kai mini fura can."

"Cikin ƙarafan nan? Da wane idon?"

"Matar Sada ce ke. Wa zai taɓa ki?"

Ta ci gaba da lalube bakin randa. Tun tana da sauran haƙora ba ta taɓa barin sa da yunwa ba, ya kuma san haka.

* * *

Washegari ya hango Adda daga nesa, ƙwarya a ka, tana taka ƙasa a hankali. Ya so ya ɗaga sanda ya tsayar da su. Amma wayoyi na kansa, in ya motsa me za a ce a Kano? Ya ce a ransa za su gan ta.

Dalhatu bai gan ta ba. Shi Baba yake kallo, yana auna gwiwa.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara.

* * *

Mai ɗori daga Mawashi ya shafa ƙugun Adda, ya girgiza kai. Asibiti ma abin da suka faɗa ke nan: ƙashin tsufa ba ya haɗuwa. Uban Dalhatu ya zo da dattawa, aka ce ƙaddara, aka shafa fatiha. Bube ya kafa turakunsa, ba wanda ya hana. Samarin suka koma filin makaranta, da la'asar ana jiyo su sama-sama.

Sada na zaune bakin gadon kara, yana kore mata ƙuda da mafici. Ba ta zage shi ba. Da ta zaga da ya samu abin cewa.

"Malam," ta ce can, "gefen nan ya mutu. Juya ni."

Ya aje mafici, ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta da cinyarta, ya yunƙura. Ta yi ƙara. Ya sake gwadawa, numfashi na fita da ƙyar. Ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Bari," ta ce. "Kira mini Shamsiyya."

Ya fita tsakar gida, ya dafa danga, ya kira sunan ɗiyar maƙwabta. Ba a ji ba. Sai da ya jira ƙarar baburan ta lafa, sannan ya sake kira.