Sunan da Za a Sassaƙa a Dutse

Mai sassaƙa duwatsun kabari ya sake tambaya, "To, wane suna zan sa?"

"Jawanza Tumaini," in ji Makeda, matar mamacin.

"Cleophus Tillery," in ji yayarsa Odessa, wadda ta sha doguwar tafiya a bas daga Alabama zuwa Detroit, ƙafafunta duk sun kumbura.

Ran Makeda ya ɓaci. Shekara arba'in mijinta yana hawa tsani a bakin titi, yana faɗa wa baƙar fata su yar da sunayen da masu bayi suka laƙaba wa kakanninsu, su nemi ƙasar kansu. An fasa masa kai, ya sha ɗauri, bai fasa ba. Yanzu ga 'yan ƙungiyarsa can waje cikin sanyi, da tutarsu mai launin ja da baƙi da kore, suna jiran ta fito.

"Haba Yaya! Sunan mutumin da ya mallaki kakanku za ki ɗora masa a kai har abada?"

"Tillery ɗin ki jefa a bola, Loretta, ko Makeda, ko ma wa kike yanzu. Amma Cleophus uwarmu ce ta zaɓa. Tana wanki a gidan Turawa, tana yi masa waƙa da shi. Ta mutu yana ƙin amsa mata sunan." Odessa ta dube ta. "Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, a asibiti wane suna ya amsa?"

Makeda ta tuna kwanakin asibitin. Da ciwo ya cinye hankalinsa, ta yi ta kiran Jawanza, ko motsi bai yi ba. Ranar da ta sunkuya ta raɗa masa ɗaya sunan, sai ya buɗe ido yana murmushi, ya ce, "Na'am, Mama."

Ta leƙa 'yan ƙungiyar ta taga. Tsofaffi ne yawancinsu, mutanen da suka ɓata da danginsu saboda maganarsa. Wallahi ba za ta iya yi musu haka ba.

"Sa Jawanza Tumaini," ta ce.

Odessa ta jawo sandarta ta fice, ko sallama babu. Mai sassaƙan ma ya shige ciki.

Makeda ta ɗora tafin hannu a kan dutsen da ba a rubuta komai ba tukuna, hawaye na zuba.

"Ka yafe mini, Cleophus," ta ce a hankali.