Zagaye Biyu da Bassu Ya Ƙara

Ranar da naƙuda ta kama Tuda ranar kasuwa ce, maza sun sauka da alfadarai tun da safe. Ba kowa a ƙauyen sai mu mata, da mijinta Bassu, da tsoho Assu wanda ya yi shekaru yana gyaran injuna a ma'adinai kafin idonsa ya yi rauni. Ungozoma kuwa, Lalla Zuhur, tana can ƙetaren kwari, inda muke hango gidajensu kamar a miƙa hannu a taɓa, amma tafiyar awa uku ce a ƙafa.

Bassu yana da babur irin mai dogayen ƙafafun nan na hawan dutse. Sarƙarsa ta saki, tana ƙaras-ƙaras duk inda ya wuce. Ni ce na ce a wurin wanki tana kaɗawa kamar haƙoran kakarsa, maganar ta zaga gari, har matan suka riƙa dariya in ya gifta. To ai gaskiya na faɗa.

Ya fito da sifana. Assu ya tsuguna kusa da shi.

"Sassauta babban notin tukuna, ɗan nan. Yauwa. Ƙananan biyun nan, dama da hagu, daidai za ka juya su, in ba haka ba tayar ta karkace."

"Baba, ka bar ni in ɗaure ta tamau in tafi!"

"Tamau ɗin gidanku. Sarƙa ce, ba igiyar shanya ba. In babur ya ɗauki nauyi ya dira a rami, bayansa yana nutsewa, sarƙar ta ƙara miƙewa. Sai ka bar mata wurin numfashi, yatsa uku. Yamna, zo ki hau, da nauyi ake aunawa."

Na tattare zane na hau. Assu ya yi tsaki. "Wannan ai kaza ta fi ta nauyi. Zuhur ta yi ukunta. Ƙara sassautawa."

"Kazar ta binne miji biyu," na ce.

Ya sa yatsunsa ya taɓa, ya ce ya yi. Sai Tuda ta kurma ihu daga ciki, Assu ya juya. Ina zaune a bisa, na ga Bassu ya kalli sarƙar tana lilo, ya kalle ni, ya mai da sifana ya ƙara ɗaure ta zagaye biyu kowane gefe. Na gani sarai. Na yi shiru, don har na fara shirya yadda zan ba da labarin gobe a wurin wanki.

Muka hau rufin ɗaki muna kallo. Bassu ya sauka kwarin, ya haye, ya isa. Can muka ga baƙin ɗigo ya fito da farin mayafi a bayansa. Surukar Tuda ta fara hamdala. Sun zo gangaren farko mai duwatsu, ɗigon ya yi tsalle sau ɗaya, ya tsaya.

Bai ƙara motsi ba.

"Ta tsinke," in ji Assu, da ko ganin wurin ba ya yi. "Me ya sa za ta tsinke? Da hannuna na auna."

Farin mayafin ya rabu da baƙin ɗigon, ya fara gangarowa a ƙafa, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Muka yi ta ɗaga mata mayafai, kamar hakan zai rage mata hanya.

Na sauka wurin Tuda. Haihuwa nawa na gani a ƙauyen nan, amma duk daga bakin ƙofa, don in riga kowa fita da labari. Na shafa mata man zaitun a ciki, na riƙe hannunta, na karanta abin da na iya. Ta ce, "Inna, ta kusa?" Na ce ta kusa. Sau bakwai ta tambaya.

Bayan la'asar Zuhur ta shigo, takalminta a hannu, ƙafafunta na jini. Ta kore mu waje. Ba ta daɗe ba ta leƙo, ta ce uwar za ta tashi. Ba ta ce komai a kan ɗan ba, mu ma ba mu ji kuka ba.

Surukar ta juyo gare ni. "Yamna, Bassu yana hawowa yana tura babur. Ke kika iya magana. Je ki tare shi."

Na sa takalmi na fita. Har na hango shi a kwanar ƙarshe, ban samo kalmar farko ba.