Gatari a Gindin Tsohuwa

Telma na durƙushe a gindin bishiyar da kowa ke kira Tsohuwa, kwamfuta a kan cinyarta, lokacin da ta jiyo ƙugin motar masu sarar ɓawo daga kwari. Ta sake duba lambobin a karo na uku. Ba su canza ba. Alluran nan biyu da ta soke a jikin bishiyar shekara huɗu da suka wuce, masu auna ruwan da ke hawa daga saiwa zuwa ganye, magana ɗaya suke yi tun watan Mayu: bishiyar na cikin ƙishi. A yankin nan na Alentejo da hunturu ake ruwan sama, kuma hunturu na uku ke nan yana yi musu rowa.

Bishiyoyin sobreiro, irin waɗanda ake sarar ɓawonsu mai kauri a sayar, guda arba'in cibiyar bincikensu ta ɗaura wa jan ƙyalle a wannan tudu, kuma sharaɗin da aka yi da masu gonar a fili yake: gatari ba zai taɓa ko ɗaya ba sai Telma ta yarda. Talatin da ɗaya na gangare lafiyarsu lau. Tara na saman tudu ba su da ruwa, kuma Tsohuwa ce kan gaba.

Telma ta san abin da wannan ke nufi tun kafin ta san hanyar makaranta. Bishiya mai ruwa, ɓawonta zamewa yake yi kamar an cire riga. Mai ƙishi kuwa, ɓawon manne yake da fatar ciki. In aka tilasta, fatar ta yage, wurin ba zai ƙara yin ɓawo ba, ƙwaro da ruɓa su samu ƙofa, bayan 'yan shekaru a zo da zarto.

Motar ta tsaya. Mutum goma sha biyu suka diro da gatura da tsani. Na ƙarshe da ya sauko, a hankali, yana dafa ƙofa, shi ne mahaifinta, Florival.

Ya aske gemu. Ya sa rigar aikinsa mai shuɗi, a goge. 

Shekararsa saba'in da ɗaya. Sau biyar ya tuɓe wa Tsohuwa ɓawo, duk bayan shekara tara, tun yana ɗan ashirin da shida. Bana bai fita aiki ba ko sau ɗaya, tun faɗuwar da ya yi a ɗakin girki ya kwana a ƙasa ba wanda ya sani. Ranar Lahadi jirgi zai kai shi birnin Lyon, can ƙasar waje, wurin ɗansa Hélder, wan Telma, inda aka gyara masa ɗaki a bene na shida. Abu ɗaya ya roƙa kafin ya yarda a rufe gidan: a bar shi ya sari Tsohuwa karo na shida.

"Dakta!" Jacinto ne, abokin saran mahaifinta na shekara talatin, yake ɗaga mata murya tun daga nesa. "Yau me bishiyoyin suka ce miki? Sun aiko da wasiƙa?"

"Sun ce a gaya wa Kawu Jacinto ya rage tumbi, tsani na kuka."

"Kun ji ta ko? Florival, kuɗin makarantar nan dai rashin kunya ta sayo da shi."

Florival ya yi murmushi irin na wanda bai ji duka ba. Idonsa na kan bishiyar, kan farar lamba biyar da aka shafa da fenti a saran baya, wadda ta tsage ta baje saboda kaurin da ɓawon ya yi.

Arlindo, shugaban ayarin, ya ƙaraso yana duba agogo. "Telma, rana ba ta jira. Wace da wace?"

"Na gangare duka, ku sara. Na saman tudu a bar su sai baɗi."

"Har da wannan?" Ya nuna Tsohuwa da haɓa, ya sassauta murya. "Kin san dai dalilin da na ɗauko dattijon."

Ta waiwaya. Mahaifinta ya riga ya zauna a kan dutse, ya fito da dutsen wasa wuƙa daga aljihu, yana goga bakin gatarin a natse, kamar yadda yake yi kowace safiyar bazara da ta taɓa sani. Shekara goma sha ɗaya ta yi a Lisboa da Jamus tana karatun waɗannan bishiyoyi, kuma ba abin da ta fi kewa kamar wannan ƙara. Ta dawo gida don ta zauna kusa da shi, ga shi yanzu shi ne zai tafi.

Wata zuciyar ta ce mata lambobi ba wahayi ba ne. Saiwar Tsohuwa ta yi zurfi, ta ga fari da yawa, wataƙila allurar ce ta tsufa.

"Ban da wannan," in ji Telma. "Tana da ruwa."

Arlindo ya kalle ta ɗan lokaci, ya kaɗa kai, ya tafi raba mutanensa biyu-biyu. Ita kuma ta kwance wayoyin, ta zare alluran daga jikin bishiyar don kada gatari ya same su, ta naɗe su cikin tsumma. 

Florival ya miƙe. Ya zagaya bishiyar sau ɗaya yana shafa ta, yana neman tsagar da ta fi zurfi. Sai ya tsaya gaban 'yarsa.

"Na'urar taki ta ce da ruwa?"

"E, Baba."

"To madalla." Ya taɓa kunnensa na hagu. "Wannan ya yi ritaya, ɗayan ma kasala yake yi. Da can sara ɗaya nake yi in ji amsar bishiya. Yau ke ce kunnena."

"Ka ji mutumin da ya ce na'ura ba ta san komai ba sai cin batir," in ji Jacinto, yana jingina tsani.

"Rufe mini baki, ka riƙe tsaninka."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gatarin. Shekarun suka zube daga kafaɗarsa. Bakin gatarin ya shiga tsagar daidai kaurin ɓawon, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya murɗa ƙotar.

Ya kamata a ji wata ƙara mai zurfi, kamar an buɗe ƙofar tsohon ɗaki. Abin da ya fito gajere ne, busasshe, kamar an taka busasshen kara.

Telma ta ji. Jacinto ma ya ji, domin dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke nan take. Ya dubi abokinsa, ya dubi Telma, ya sunkuyar da kai yana gyara ƙafar tsanin da ba abin da ya same ta. Ba shi zai faɗa ba.

Sara na biyu, ƙasa da na farko. Murɗawa. Ƙarar nan dai.

Daga gangare ana jiyo sauran, gatura na amsa wa juna, manyan ɓawo na faɗuwa ƙasa da nishi, mata na kiran a kawo fenti. Florival ya yi sara na uku, na huɗu, layin na sauka a miƙe kamar an ja da igiya. Gumi ya jiƙa wuyan rigar. Fuskarsa ta yi wani haske da Telma ba ta gani ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Ya juya gatarin. Ƙarshen ƙotar a fiƙe yake, da shi ake cusawa tsakanin ɓawo da jiki a ɓamɓare. Ya sa shi a bakin tsagar, ya gyara tsayuwa, ya tattara ƙarfinsa a kafaɗa. Da zarar ya danna, fatar za ta biyo.

"Baba."

Bai ji ba.

"Baba, tsaya!" Ta kama ƙotar da hannu biyu.

Ya juyo da mamaki. "Ke, lafiya? Ana kama gatari a hannun mutum?"

"Ba ta da ruwa." Dole ta ɗaga murya don ya ji, har na gangare suka ɗago kai. "Ƙarya na yi. Tun Mayu ba ta da ruwa. In ka ɓamɓare, za ta yage."

Gaturan ƙasa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Florival ya kalle ta. Sannan ya zare ƙotar a hankali, ya sa babban yatsa cikin tsagar, ya fito da shi, ya murza. A bushe.

"Tun saran farko hannuna ya gaya mini," in ji shi. "Sai na ce a raina, yarinyar nan ta yi karatu har Jamus. Hannun ne ya tsufa."

"Hannunka lafiyarsa ƙalau, Baba."

"Kai kuma," ya juya kan Jacinto, "kunnuwan nan naka kamar na jaki, ado ne?"

"Ni tsani aka ce in riƙe."

"Shekara talatin ina sara da munafuki."

"Shekara talatin ina ɗauke da kurma, ban yi ƙorafi ba."

Babu wanda ya yi dariya sosai. Arlindo ya daka wa mutanensa tsawa su koma aiki, Jacinto ya saɓa tsaninsa ya gangara, yana share hanci da bayan hannu.

Florival ya koma kan dutsen ya zauna, gatarin a kan gwiwa. Telma ta tsaya a gefe, ta rasa inda za ta sa idonta. Ta jira faɗa. Da ya yi faɗan da ta fi samun sauƙi.

"Saran da na yi zai cutar da ita?"

"A'a. Bai wuce ɓawo ba. Zai haɗe."

"Baɗi fa?"

"In an yi ruwa sosai a hunturu. In ba a yi ba, sai shekara ta sama."

Ya gyaɗa kai. Su duka biyun sun san wanda ya hau bene na shida da irin ƙafafunsa ba ya saukowa don sarar ɓawo. Ya ɗaga ido yana bin rassan ɗaya bayan ɗaya, har inda ganyen saman ya fara yin ja.

"Mayar mata da alluranta," in ji shi.

Ta durƙusa, ta kwance tsumman, ta mayar da su ramukansu, ta haɗa wayoyin. Ƙaramar fitilar akwatin da wayoyin ke shiga ta fara ƙiftawa.

"Abin nan da kike kallo," ya ce daga bayanta, "dole sai mutum ya zo nan yake ganinsa?"

"A'a. Ko ina ofis ina gani. Yana zuwa har waya."

"Har Lyon?"

Ta juyo. Ya riga ya ciro wayar da Hélder ya aiko masa, wadda bai taɓa yarda ya koyi komai a cikinta ba sai amsa kira. Ya goge fuskarta da gefen riga ya miƙa mata.

Ta zauna kusa da shi a kan dutsen, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ta ɗan jima tana dannawa, sannan wani siririn layi ya fito, kwance a can ƙasa.

"Wannan ita ce. In layin ya hau, tana sha."

Ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa.

"Ƙara masa girma," in ji shi. "Kuma ki nuna mini a hankali. Daga farko."