'Yar Tsanar da Ba a Goyawa

A Gude, in ana zancen 'yar tsana, to Inna Uwaliya ake nufi. Ƙashin ƙafar tunkiya take samu ta kankare, ta yi masa kitso da kakin zuma, ta ɗaura masa jigida. Wadda ta fi kyau kuwa kullum tana goye a bayan jikarta Sauda.

Ana nan sai Di'o ya zo rangadi da matarsa. Ita wannan Baturiya ba ta da aiki sai tara 'yan tsana. A ƙofar gidan dagaci ta buɗe akwati ta fito da guda, tafinta Malam Dabo ya ce daga Faransa take, kuma ta girmi mai ita. Kai jama'a! Fuska ta tangaran, kumatu jajur, in an kwantar da ita har lumshe ido take.

Sauda ta kwance goyonta ta yar a ƙasa, ta kutsa gaba. Uwaliya ta ji kamar an mare ta a kasuwa. Ta sunkuya ta ɗauki abarta ta kakkaɓe.

Baturiya ta miƙa wa Sauda ta tangaran. Yarinya ta duƙa, ta ɗora ta a baya, ta jawo zane. Baturiya ta ƙwalla ƙara ta fizge kayanta.

"Ke! Fashewa take, ba a goya ta," in ji Malam Dabo.

"To me ake yi mata?" in ji Sauda.

"Kallo."

Nan idon Baturiya ya faɗa kan ta ƙashin da ke hannun tsohuwa. Ta karɓa ta jujjuya ta, ta ce ba ta da irinta, za ta ba da madubi a bar mata.

"Ba tawa ba ce, Malam," in ji Uwaliya. "Ga uwarta nan, in har tana sonta."

Sauda ta dubi madubin, ta dubi Malam Dabo. "Tambaye ta, za ta goya ta?"

"A'a, a kabad ɗin gilashi za ta zauna da sauran."

Sauda ta warce 'yarta, ta hure mata ƙasar da ta rage a kitso.

"Inna, kama mini zanen."

Uwaliya ta ɗaure shi tamau, tana jin kanta ya fi na dagaci girma. Suka juya suka bar Baturiya riƙe da madubinta.