Jinin Gidan Su Wasila

An riga an ɗaure wa Wasila roba a dantse, Dakta Monica tana laluben jijiya, sai aka banko ƙofar ɗakin. Bappa Ladan ne, yayan mahaifinta, ya shigo yana haki, babbar riga ta zame masa daga kafaɗa.

"Tashi mu tahi gida," ya ce. "Wa ya ba ki izinin kawo jinin gidanmu asibiti?"

Wasila ba ta motsa ba. Malamar firamare ce a Runjin Sambo, ta saba da tsawa, kuma tun safe ta san labari zai kai masa.

"Bappa, ina kwana. Jinin da ke jikina na kawo, ban taɓa na kowa ba."

Ƙanenta Badaru direban tirela ne mai ɗaukar siminti daga Kalambaina. Bara ya ajiye makulli ya shige ɗaki, ya daina ci, ya daina magana. Dangi suka ce iska ce, kamar yadda suka ce a kan mahaifinsu, wanda aka ɓoye a ɗakin bayan gida har ya rasu. An yi hayaƙi, an yi rubutu. Ranar da Wasila ta tarar da igiya a ƙarƙashin katifar Badaru, ta tare keke ta kawo shi nan ba ta shawarci kowa ba. Aka ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka ɗora shi a kan magani, aka sallame shi ya koma gida. Yanzu kuma likitoci na neman jinin 'yan'uwan masu irin ciwon don bincike.

Dakta Monica ta ajiye allurar. "Baba, zauna in yi maka bayani. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, sirotonin, da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi. Muna duba ko abin da mutum ya gada yana canza yadda yake aiki. Ba a rubuta sunan kowa a jikin kwalbar."

"Gado!" Bappa ya buga sandarsa a ƙasa. "Kin ji ko? So suke su tabbatar ma duniya hauka gadonmu ne. Ni da ɗiya mata a gida, wa ka zuwa neman aurensu? Abin da munka rufe shekara da shekaru, ke za ki kwance muna zane a kasuwa?"

"Kun rufe Baba, Bappa. Da ranshi kunka rufe shi." Wasila ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni na riƙa tura mai tuwo ta ƙarƙashin ƙyaure. Badaru ba za ya shiga wancan ɗakin ba ina numfashi."

"In kinka bari anka soka miki allurar ga, kada ki sake taka ƙofar gidana."

Likitar ta dubi Wasila. "Ki sani fa, wannan binciken ba zai warkar da ƙanenki ba. Sirotonin ba shi kaɗai ne labarin ba, mai yiwuwa ma mu gama ba mu samu komai ba. In kin fasa, maganinsa ba zai tsaya ba."

"Na ji. Ɗiba."

Ta miƙe hannu, idonta a kan Bappa, har kwalbar ta cika. Ya juya ya fita bai rufe ƙofar ba.

Da ta koma gida ta sami Badaru a kwance, fuska ga bango. Ta ɗauko masa wankakkiyar riga da hula, ta tsaya a kansa har ya sa. Sannan ta ja benci zuwa ƙofar gida, gefen mai faci, inda kowa ke wucewa, ta zaunar da shi. Ita ma ta zauna a dakali. Masu wucewa suna satar kallo, tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Da aka kira la'asar, sai ga Bappa Ladan tare da dattawan unguwa za su masallaci. Ya hango su, ya kau da kai, ya ƙara sauri.

Badaru ya ɗago a hankali. Muryarsa a dushe take don rashin amfani.

"Bappa, ina wuni?"

Dattawan suka tsaya, suna jiran amsa. Bappa ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

"Lahiya lau, Badaru," ya ce. "Ya ƙarhin jiki?"